Incitare

Incitare fi'ili ne na harshen Latin mai nufin zaburarwa, ingizawa ko tunzurawa. Yana cikin rukunin farko na fi'ilan harshen, kuma ƙamusoshi kan jera siffofinsa haka: incito, incitare, incitavi, incitatum. An gina shi daga ɗafa-goshin in- da citare, wanda ya samo asali daga ciere, wato motsa abu. Daga wannan saiwa aka sami citus, mai sauri, da Citius, kalmar farko a taken wasannin Olamfik.

Ma'anarsa ta asali ita ce ƙara wa abu gudu. Mahayi yakan yi wa dokinsa incitare idan ya sa masa ƙaimi, haka iska kan yi wa jirgin ruwa. A labaran yaƙin Julius Caesar, jagoran sojan Rum, ana cin karo da equo incitato, wato da doki a sukwane. Sarkin Rum Caligula, wanda ya yi mulki daga 37 zuwa 41 miladiyya, ya raɗa wa dokinsa suna Incitatus. Marubucin tarihi Suetonius ya ce an gina wa dokin barga ta marmara da komin hauren giwa, har ana raɗe-raɗin sarkin zai naɗa shi consul, babban muƙamin mulki a Rum.

Daga kan dabba kalmar ta koma kan zuciyar mutum, kuma ba kullum take nufin sharri ba. Malami kan zaburar da ɗalibi ga karatu, ɗan siyasa kan zuga talakawa su yi bore, duka biyun da wannan fi'ili ɗaya ake faɗarsu. Ƙaramar kalmar da ta biyo baya kan nuna alkibla: ad na kawo abin da aka ingiza mutum gare shi, in ko contra kuwa wanda aka tunzura shi a kansa. Rumawa na da karin magana, currentem incitare, zuga mai gudu, ga wanda ke kwaɗaitar da mutumin da ya riga ya himmatu.

Masu koyo sukan rikita shi da excitare, alhali da bambanci. Excitare na tayar da abin da ke kwance, kamar mai barci ko wutar da ta kusa mutuwa. Concitare ya fi zuwa wajen hargitsa taro.

Kalmar ta rayu a Italiyanci da siffarta, ta zama incitar a Sifaniyanci, inciter a Faransanci. A harshen shari'a na yau ɓangaren laifi ya rinjaya: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 kan kisan ƙare dangi ta sa tunzura mutane kai tsaye a bainar jama'a su aikata kisan cikin laifukan da ake hukuntawa.