Gyara da sauye-sauyen tsohuwar Toyota Land Cruiser 70 a gida

Land Cruiser 70 jerin motoci ne masu ja da ƙafa huɗu da kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙerawa a 1984, kuma har yanzu bai daina ba. Ana iya gyara tsofaffinsu a tsakar gida da kayan aikin hannu, domin bodi da shasi a rabe suke, aksil na gaba da na baya duk dunƙulallen ƙarfe ne, injunan dizal na farko kuma ba su da kwamfuta. Bayanin da ke ƙasa ya fi shafar samfuran HZJ75, HZJ78 da HZJ79 masu injin 1HZ.

Tarihi da samfura

Asalin motar yana komawa ga Toyota BJ ta 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Jerin 40 ya fito a 1960 ya yi shekara 24 a kasuwa, sannan jerin 70 ya gaje shi a matsayin motar aiki, yayin da jerin 60 da 80 suka karkata ga jin daɗin fasinja. Haruffan farko na lambar samfuri suna nuna injin da ke ciki: BJ na ɗauke da 3B mai silinda 4 da lita 3.4, HJ na ɗauke da 2H mai silinda 6 da lita 4.0, FJ da FZJ na fetur ne, HZJ kuwa 1HZ ne, wanda ya shigo a 1990. Ana karanta lambar a jikin ɗan farantin ƙarfe da ke cikin ɗakin inji, kuma da ita ake sayen kaya. Shekarar da aka rubuta a takardun mota ba ta isa abin dogaro ba, tunda tsofaffin motoci da yawa an sauya musu inji ko aksil.

A 1999 samfurin 75 ya koma 78 da 79. Aka cire sifirin mai falle-falle a gaba aka sa naɗaɗɗe, aka tsawaita na baya, notocin taya suka koma 5 maimakon 6. A 2007 aka faɗaɗa gaban motar domin injin V8 ya samu wuri. Kayan ƙafa na waɗannan zamunna uku ba sa shiga juna sai da gyare-gyare.

Motar ta yi suna a Sahara. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda ake kira Yaƙin Toyota, sojojin Chadi sun yi amfani da Land Cruiser da Hilux a kan tankokin Libiya, musamman a faɗan Fada na watan Janairu. Ita ce kuma motar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka fi saya domin aikin karkara, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke hannun 'yan kasuwa a yau tsofaffin motocin irin waɗannan ƙungiyoyi ne da aka yi gwanjonsu. A Nijar ana ganinta a hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. A Najeriya ana neman kayanta a Ƙofar Ruwa ta Kano, Fanteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas.

Kafin a kwance komai

Ana bukatar jak mai ɗaukar aƙalla tan 3, da ƙafafun ƙarfe biyu da za a ɗora shasi a kansu. Bulon siminti yana farfashewa ba zato, don haka ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa. Sauran kayan su ne sifanu daga milimita 10 zuwa 24, soket na milimita 54 domin notin ƙafar gaba, sifanar auna ƙarfin ɗauri, filayar cire zoben makulli, sandar tagulla, ma'aunin rataye mai auna kilo, da kalanzir na wanke kaya.

Wajen sauya man giya, na taransifa (akwatin da ke raba ƙarfi zuwa aksil na gaba da na baya) ko na aksil, ana fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa. Wanda ya tsiyaye mai sannan ya tarar na sama ya ƙi kwantuwa, motarsa ta tsaya ke nan. Launin man da ya fito yana faɗin labarin abin da ke ciki: fari-fari kamar madara ruwa ne ya shiga, toka-toka mai kauri a aksil na gaba giris ne ya gauraya da shi.

Injin 1HZ

Silinda 6 ne a jere, lita 4.2, ba tobo, ƙarfin doki kusan 130. Ana sauya baƙin mai 15W-40 da filta duk kilomita 5,000, kuma yana cin lita 9 zuwa 11 gwargwadon shekarar ƙira. Taimin bel ɗinsa yana haɗa fulin injekta da na kamshaf. A injunan farko ana sauya shi duk kilomita 100,000, daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1990, aka ƙara tazarar zuwa 150,000. Idan ya tsinke fistin yana dukan bawul, wani lokaci har kamshaf ya karye, saboda haka motar da ba a san tarihinta ba ana sauya mata bel da abin ɗame shi tun ranar farko. Ana daidaita alamomin da ke jikin fuli biyun da na murfin baya kafin a cire tsohon, bayan an sa sabon kuma a juya inji da hannu zagaye biyu a sake duba alamomin.

Tazarar bawul idan inji ya huce milimita 0.15 zuwa 0.25 ce a na shigar iska, 0.35 zuwa 0.45 a na fitar hayaƙi, kuma da 'yan faifan ƙarfe masu kauri daban-daban ake daidaita ta. Matsin silinda a lafiyayyen inji yana kai kilo 37 a kan murabba'in santimita. Idan ya sauka ƙasa da 27 lokacin sauke inji ya yi.

Zafi ne babban abokin gabar wannan inji. Kan silinda yana da ƙananan ɗakunan ƙonewa, kuma yawan tafasa yana tsaga su ko ya ƙona gaskit. Dalilan da aka fi samu su ne lagireto da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, da kuma kan fanka mai man silikon da ya tsiyaye. Gwajin fanka mai sauƙi ne: a kashe inji yana da zafi a juya fankar da hannu. Idan ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, man ya ƙare, sai a ƙara ko a sauya kan. Cire tamostat, wanda ake yawan yi da sunan maganin zafi, yana ɓoye matsalar ne kawai, kuma yana barin wani kaso na ruwa yana zagaya inji ba tare da ya bi ta lagireto ba.

Injektar 1HZ da man dizal take samun santsi, don haka ruwa da datti a cikin man jarka suna cinye ta da sauri. Bayan sauya filtar mai ana danna ɗan famfon da ke saman gidan filta har ya yi tauri. Idan inji bai tashi ba, a sassauta notocin bututun nozul biyu ko uku, a yi kik har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure.

Aksil na gaba

Wannan ne aikin da kusan kowace tsohuwar Land Cruiser take bukata, kuma shi aka fi ɗagawa zuwa gobe. A kowane ƙarshen aksil akwai ƙwallon ƙarfe, a cikinsa akwai gaɓar Birfield mai kai ƙarfi ga taya ko da an karya sitiyari. Gaɓar tana zaune cikin giris, tsakiyar aksil kuma cikin mai, abin da ya raba su ɗan sil ne guda ɗaya. Idan ya lalace mai yana wanke giris, baƙin ruwa mai kauri ya riƙa zubowa ta bayan ƙwallon yana ɓata cikin taya, har ya kai ga birki. Ƙarar ƙas-ƙas idan an karya kwana da ƙafa huɗu alama ce cewa gaɓar kanta ta ci.

Bayan an cire taya, ana kwance kalifar birki a rataye ta da waya don kada tiyo ya ɗauki nauyinta. A mayar da makullin ƙafa, wanda ke tsakiyar tayar gaba, kan FREE a cire murfinsa, a zare zoben da ke bakin sandar aksil. Jikin makullin yana riƙe da wasu washa masu siffar mazurari waɗanda ke maƙalewa. Ana ɗora sandar tagulla a kan kusar a buga da guduma sai su yi tsalle su fito, ba a sa kurfi a tsakanin fuskokin ƙarfen. Daga nan sai notoci biyu na milimita 54 da washar makulli a tsakaninsu, sai kan ƙafar da faifan birki, sai sandar da boris ke hawa. Gaɓar Birfield tana da gefe biyu shafaffu, kuma ba ta fitowa sai an juya su sun kalli sama da ƙasa.

Abin da ya fi bukatar natsuwa shi ne siraran faifan ƙarfe da ke ƙarƙashin hannun sitiyari da murfin boris na ɗaya ɓangaren ƙwallon, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Su ne ke tsayar da sandar aksil a tsakiyar sil daidai. Idan aka haɗa na sama da na ƙasa, ko na dama da na hagu, sabon sil zai ci ta gefe ɗaya ya fara zuba cikin 'yan watanni. Ana ɗaure kowane rukuni da zare a rubuta inda ya fito. Bayan an sa sababbin boris ana ɗaure notocin hannun sitiyari a Nm 96 a kan sifanar auna ƙarfin ɗauri, a maƙala ma'aunin rataye a ramin tayarod a ja. Ya kamata gidan ƙwallon ya motsa tsakanin kilo 3 da 6, kafin a sa sil na ƙura da ke baya.

Ana cusa giris mai molibdinom a cikin gaɓar, a cika gidan ƙwallon zuwa kashi uku cikin huɗu. Boris na taya kuwa giris ɗinsu daban ne, mai jure zafi. Notin ciki ana ɗaure shi a Nm 59, a juya ƙafar sau da yawa domin boris su zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, sannan a sa sabuwar washar makulli da notin waje a lanƙwasa haƙoranta. A ƙarshe a duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil. Idan laka ta toshe shi, iskar ciki tana kumbura da zafi ta tura mai ta sabon sil ɗin.

Giya da taransifa

A motoci masu giyar H55F, sil da ke tsakanin giya da taransifa yana lalacewa, mai ya riƙa hawa daga taransifa zuwa giya. Alamarsa ita ce mai ya kwararo idan an buɗe notin zubawa na giya, taransifa kuma a same ta da ƙaranci. Wasu suna haɗa notocin biyu da tiyo domin man ya koma, amma gyaran gaskiya sauya sil ne. Motar ba ta da abin raba gudu tsakanin gaba da baya, saboda haka tafiya da H4 ko L4, wato da ƙafa huɗu, a kan kwalta tana murɗe farfela da haƙoran taransifa.

Sauye-sauye

Ɗaga mota da milimita 50 shi ne iyakar da yawancin masu gyara ke tsayawa. Sama da haka kusurwar sitiyari tana canzawa mota ta riƙa yawo a hanya, tiyon birki ya gajarce, farfela ta fara kaɗawa. Ko a milimita 50 ɗin ana gyara sandar bawul mai daidaita birkin baya da nauyin kaya, domin ɗagawar tana sa bawul ɗin ya ɗauka motar babu kaya ya rage ƙarfin birkin baya. Ƙara falle a sifirin baya don ɗaukar lodi ya zama ruwan dare, sai dai nauyin da sifirin ya daina sha yana komawa kan shasi da boris.

Tayar asali 7.50R16 ce, kuma 235/85R16 kusan tsayinsu ɗaya. Taya mai inci 33 tana ƙara tazara daga ƙasa, amma tana rage wa 1HZ ƙarfin da dama bai yi masa yawa ba. A cikin rairayi ana sauke iska zuwa wajen psi 15 zuwa 18, a mayar da ita kafin a hau tsakuwa ko kwalta. Tsohon wili mai zoben ƙarfe yana da sauƙin faci a daji, amma zoben da bai zauna daidai ba yana iya fallewa ya kashe mutum. Ana ɗaure wilin da sarƙa, a kifa zoben ƙasa, kafin a ba shi iska.

Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saman gilashi ya fi amfani wajen guje wa ƙura fiye da ƙetare ruwa a ƙasashen Sahel, musamman idan an sa masa kwanon tace ƙura a kai. Duk mahaɗinsa sai an toshe da gam, domin ƙurar da ta samu ƙofa bayan filta kai tsaye take zuwa ringi. Ƙarin filtar dizal mai raba ruwa, da tsawaita bututun numfashin aksil zuwa ɗakin inji, ayyuka ne masu arha da ake gamawa a yini ɗaya. Wasu samfuran 75 da 78 sun zo da tanki biyu na lita 90 kowanne. Kafin a sayi kayan wuta a tabbatar ko motar mai bolt 12 ce ko 24, domin duka biyun suna nan a kasuwa.

Sanya wa 1HZ tobo abu ne da ake saɓani a kai. Masu goyon baya suna cewa ƙaramin matsi da agogon auna zafin hayaƙi sun wadatar. Masu adawa suna cewa fistin da ɗakunan ƙonewarsa ba don haka aka ƙera su ba.

Tsatsa

Ba ta cika damun motar da ta rayu a Sahel ba. Wadda ta zo daga Turai ko ta daɗe a bakin teku ana duba mata magudanar rufi, gindin gilashin gaba, daɓen ƙafar direba da cikin shasi ta wajen maƙalin sifirin baya. Kafin a yi walda ana cire wayoyin batir, a kuma nisanta wuta daga tanki da bututun mai.