Tafiye-tafiyen Jirgin Ruwa a Patagoniya

Patagoniya ita ce ƙurewar kudancin nahiyar Kudancin Amurka. Ajantina na riƙe da gabashinta, Chile na riƙe da yammacinta, tsaunukan Andes kuma sun ratsa tsakani. A ɓangaren Chile ƙasa ta tsattsage ta zama dubban tsibirai da mashigai, har babbar hanyar mota ta Carretera Austral ta tsaya cak a ƙauyen Villa O'Higgins, daga nan sai ruwa da ƙanƙara. Saboda haka jirgin ruwa a wannan yanki shi ne motar haya, shi ne motar kaya, shi ne kuma abin da ke kai baƙo gaban kogunan ƙanƙara. Ruwan da ake bi iri uku ne: manyan tafkuna na ruwan daɗi, da dogayen mashigan teku da ke kwance tsakanin duwatsu, da fili na babban teku. Kowanne da irin jirginsa, kowanne da irin haɗarinsa.

Kogin ƙanƙara da yadda ake kusantarsa

Dusar ƙanƙara na zuba a kan tsaunuka shekara bayan shekara. Ta sama na danne ta ƙasa har iskar da ke ciki ta fice, abin ya daskare ya zama ƙanƙara mai tauri, nauyinsa kuma ya riƙa turo shi gangare a hankali. Wannan shi ake kira kogin ƙanƙara. Da yawa daga cikin manyan na Patagoniya suna saukowa ne daga Filin Ƙanƙara na Kudancin Patagoniya, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 12,000. Ƙanƙarar da ta matse sosai tana shanye jan haske ta mayar da shuɗi, shi ya sa ake ganinta shuɗiya shar a cikin tsaguwa. Ruwan tafkunan kuma yakan yi launin madara mai ratsin tsanwa, domin kogin na niƙe dutsen da ke ƙarƙashinsa ya zama gari mai laushi da ba ya saurin kwanciya.

Abin da ya fi damun matuƙi shi ne ɓallewa. Curi mai girman bene na iya ɓallewa daga bangon gaban kogin ya faɗa ruwa, ya watsa tsakuwar ƙanƙara nesa, ya kuma tayar da igiya da za ta iya kifar da ƙaramin jirgi ko ta share mutumin da ke tsaye a gaɓa. Akwai kuma ɓallewar da ido ba ya gani: bangon na da gindi a ƙarƙashin ruwa, wani lokaci gindin ya miƙo gaba, idan ya karye sai ya taso sama da ƙarfi ba tare da wata alama ba. Shi ya sa jiragen yawon buɗe ido ke tsayawa ɗaruruwan mita daga bangon, komai roƙon masu ɗaukar hoto. Curin da ke yawo ma ba a matsa masa. Kusan kashi tara cikin goma na jikinsa na ƙarƙashin ruwa, ruwa na cinsa ta ƙasa, kuma da zarar nauyinsa ya karkata sai ya wuntsila. Ƙananan gutsattsari da ke lilo dab da fuskar ruwa su ne ke lanƙwasa farfela, don haka ake rage gudu sosai a cikinsu, a sa mutum a goshin jirgi yana dubawa.

Tafkin Argentino

Nan ne cibiyar wannan harka a Ajantina. Tafkin na lardin Santa Cruz, garin El Calafate na bakinsa, rassansa na yamma kuma na cikin Gandun Ƙasa na Los Glaciares, wanda aka kafa a 1937, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1981.

Kogin ƙanƙara na Perito Moreno na da nisan kimanin kilomita 80 daga El Calafate. Tsawonsa ya kai kilomita 30, faɗin bangonsa kusan 5, tsayinsa sama da ruwa kuma mita 60 zuwa 70. Ƙaramin jirgi na tashi daga tashar Bajo de las Sombras ya yi zagayen sa'a guda a gaban bangon kudu. Wannan kogi ya shahara da wata ɗabi'a: a da yakan turo gaba har ya taɓa ƙasar da ke fuskantarsa, ya toshe reshen tafkin da ake kira Brazo Rico. Ruwan da aka tare sai ya yi ta hawa, ya huda rami ta ƙarƙashin ƙanƙarar, ramin ya zama baka, bakar ta rushe. An ga haka a 2004 da 2006 da 2008, an sake gani a 2016 da 2018. Daga wajen 2020 kuwa kogin ya fara ja da baya, bayan shekaru masu yawa da ake misali da shi a matsayin wanda bai ja da baya ba.

Doguwar tafiya ta yini guda tana tashi ne daga tashar Punta Bandera, a cikin manyan jirage masu ciki biyu, waɗanda faɗinsu ke hana su yawan tangaɗi. Ana ratsa matsin Boca del Diablo a shiga reshen arewa. Kogin Upsala ya ja baya da kilomitoci masu yawa, curarrakin da yake zubarwa sukan cika hanya, saboda haka galibi daga nesa ake hango shi. Spegazzini ne ake iya matsawa kusa da shi, bangonsa kuma ya fi na kowa tsayi a gandun, yana haura mita 100.

Tafkunan Chile da ƙetare Andes

A gandun Torres del Paine, jirgin Tafkin Grey na ɗaukar wajen sa'o'i uku zuwa da dawowa. Kafin a hau sai an yi tattaki a kan doguwar gaɓa ta tsakuwa wadda iska ke dukanta kai tsaye, kuma soke tashi saboda iska abu ne na yau da kullum. Can arewa akwai tafkin da mutanen Chile ke kira General Carrera, na Ajantina kuma Buenos Aires. Daga Puerto Río Tranquilo ƙananan jirage masu inji da kwalekwale na roba ke zuwa kogwannin dutsen marmara da igiya ta sassaƙa. Da sassafe ake fita, kafin iska ta tashi. A wannan tafki ne kwalekwalen Douglas Tompkins, Ba'amurken da ya sayi filaye masu faɗi don a mayar da su gandun ƙasa, ya kife a Disamba 2015. An tsamo shi, amma sanyin ruwan ya yi ajalinsa.

Tsohuwar hanyar ƙetare Andes mafi tsari ita ce ta Bariloche a Ajantina zuwa Puerto Varas a Chile. Ana hawa jirgi sau uku, a tafkunan Nahuel Huapi da Frías da Todos los Santos, motoci na haɗa tsakani. Yini guda cur take ci, ko a kwana a Peulla. A kan iyaka jami'an Chile ba sa barin a shigo da ɗanyun 'ya'yan itace ko nama ko zuma. Wanda ya bayyana abin da yake ɗauke da shi karɓewa kawai za a yi, wanda ya ɓoye kuwa tara ke jiransa.

Mashigan teku

Jirgin fito na kamfanin Navimag na ɗaukar manyan motoci da fasinja daga Puerto Montt zuwa Puerto Natales cikin kwana uku zuwa huɗu. Yawancin hanyar a lafe take, tsibirai na kare ta. Banda Golfo de Penas, inda ake fita fili a yi wajen sa'o'i goma sha biyu igiyar tekun Pasifik na dukan jirgi ta gefe. Ma'aikata kan sanar tun da wuri domin a sha maganin jiri sa'a guda ko biyu kafin a fita, don idan amai ya fara ƙwayar ba ta zama a ciki. Bayan nan sai mashigin Messier da matsin Angostura Inglesa, inda ake jiran gudun ruwan cikowa da janyewa ya lafa kafin a wuce, sannan Puerto Edén, ƙauyen da babu hanyar mota zuwa cikinsa, mazaunin sauran mutanen Kawésqar, waɗanda kakanninsu suka rayu cikin kwalekwale a waɗannan ruwaye.

Daga birnin Punta Arenas na Chile, a kan Mashigin Magelan da Turawa suka fara ratsawa a 1520, ana zuwa tsibirin Magdalena don ganin tsuntsayen fenguwin a lokacin ƙyanƙyasarsu, daga Oktoba zuwa Maris. Daga birnin Ushuaia na Ajantina kuma ana fita Mashigin Beagle na sa'o'i uku ko huɗu, a wuce tsibiran zakunan teku har hasumiyar fitila ta Les Eclaireurs, wadda ta fara aiki a 1920. Kusa da ita jirgin Jamus Monte Cervantes ya daki dutse a Janairu 1930. An kwashe fasinjoji sama da dubu lafiya, kyaftin ɗin ne kaɗai ya rasu.

Iska, sanyi da shiri

Lokacin tafiya shi ne Oktoba zuwa Afrilu. Bazarar kudu, Disamba zuwa Fabrairu, ta fi tsawon yini, har sa'o'i 17 na haske a Ushuaia, amma ita ce kuma ta fi iska. Iskar yamma na tasowa daga Pasifik babu abin da ya tare ta sai Andes. A cikin mashigai akwai wata muguwa: iska mai sanyi da nauyi da ke taruwa a kan ƙanƙarar tsauni, ta gangaro kwatsam cikin kwari mai matsi, ta fizge jirgi daga angarsa. Saboda ita masu ƙananan jirage ke ɗaure dogayen igiyoyi a jikin bishiyoyi da duwatsun gaɓa, ba sa dogara da anga kaɗai. Rundunar ruwan Chile da hukumar tsaron ruwa ta Ajantina ne ke ba da izinin tashi, idan suka rufe tasha kuma tikiti ba ya buɗe ta. Mai hankali kan bar kwana ɗaya ko biyu fanko a jadawalinsa.

Ruwan da ke kusa da ƙanƙara bai wuce ma'aunin digiri kaɗan sama da daskarewa ba. Wanda ya faɗa ciki, a mintin farko numfashinsa kan ƙwace masa, cikin kamar minti goma hannuwa su daina kama igiya. Shi ya sa ake ɗaure rigar ceto tun kafin a sauka cikin ƙaramin jirgi, a ja ɗamararta ta kama jiki sosai. Tufafi kuma hawa uku ake sawa: na ciki na ulu ko na roba, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare ruwa da iska. Auduga idan ta jiƙe tana janye zafin jiki, don haka ba a sa ta a ciki. Sai safar hannu, da hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau da man kariya daga rana, domin ƙanƙara da ruwa na mayar da hasken rana fuska ko da gari ya yi lumshi.