Koyo ta hanyar ƙalubale a jami'o'i

Koyo ta hanyar ƙalubale tsarin koyarwa ne da ake raba ɗaliban jami'a ƙungiya-ƙungiya, a fuskantar da su ga wata matsala ta zahiri da ke damun jama'a, su bincike ta, su nemo mafita, sannan su gwada mafitar a inda matsalar take. Galibin matsalolin sun shafi ci gaba mai ɗorewa: ƙarancin ruwa, tulin shara, hayaƙin motoci, wutar lantarki, abinci. Bambancinsa da lakca shi ne malamin ma bai san amsar ba. Ƙungiya takan haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban, kuma akan yi aikin tare da mutanen waje, kamar hukumar gari, ko kamfani, ko mazauna unguwa.

Asali

Tsarin yana da magabata. A 1969 makarantar koyon likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada ta fara koyar da ɗalibanta ta hanyar ba su labarin marar lafiya su tattauna a ƙananan ƙungiyoyi, maimakon haddar darasi. Jami'ar Maastricht ta Holan ta ɗauki wannan hanya tun kafuwarta, ita kuwa Jami'ar Aalborg ta Denmak, wadda aka buɗe a 1974, ta ware kusan rabin lokacin karatu don aikin ƙungiya a kowane zango.

Sunan da ake kiransa da shi yau ya fito ne a 2008, daga wani shirin ilimi na kamfanin Apple a Amurka, kuma da 'yan sakandare aka fara gwada shi. Daga baya aka daidaita shi zuwa matakai uku: ɗalibai su shiga batun har su fitar da ƙalubale, su yi bincike, su aiwatar. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, sai jami'o'i suka sami rumbun da za su riƙa ɗebo ƙalubale daga ciki.

Misalin Chalmers

Wurin da tsarin ya fi fitowa sarai shi ne Challenge Lab na Jami'ar Fasaha ta Chalmers da ke Gothenburg a ƙasar Suwidin, wanda Farfesa John Holmberg ya assasa a 2014. Ɗaliban digiri na biyu daga sassa dabam-dabam suke haɗuwa su yi kundin bincikensu a can, kuma ba a miƙa wa kowa take. Da farko sukan zauna su amsa tambaya guda: idan garin nan ya zama mai ɗorewa nan gaba, waɗanne sharuɗɗa ne dole ya cika ta fuskar muhalli, tattalin arziki da zamantakewa? Sai su dubi halin da ake ciki yau, su auna tazarar da ke tsakani, su nemi wurin da ɗan ƙaramin sauyi zai iya motsa babban tsari. Wato daga inda ake son zuwa ake faro lissafi a dawo baya, ba daga yau ake hasashen gobe ba.

Bayan haka sukan gayyato ma'aikatan hukumar gari, da na masana'antu, da masu bincike, a zauna a tattauna. A nan ɗalibi yake da wata daraja da manya ba su da ita. Ba ya wakiltar kamfani, ba ya kare kasafin wata ma'aikata, don haka yakan yi tambayar da jami'i ba zai iya yi wa takwaransa ba. Sai an gama wannan duka ɗalibai suke zaɓar tambayar bincikensu, yawanci bibbiyu. Makonnin da ake ɓatarwa wajen neman tambaya su ne zuciyar tsarin, kuma jami'ar da ta tsallake su ta miƙa wa ɗalibai shiryayyen take, aikin aji kawai ta sake wa suna.

Yaɗuwa

A Meksiko, jami'ar Tecnológico de Monterrey ta sake fasalin manhajarta a 2019 ƙarƙashin tsarin Tec21, inda ƙalubale ya zama ginshiƙin karatun digiri na farko. A shekarar ce kuma ƙawancen jami'o'in Turai na ECIU ya fara shirinsa kan muradi na 11, na birane masu ɗorewa. A arewacin Gana akwai makamancin haka tun kafin sunan ya bayyana: Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, da aka kafa a 1992, tana tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka a zango na uku, su yi nazarin matsalolin wurin tare da mutanensa.

Matsaloli

Ba da maki shi ne babban ciwon kai. Rahoto ɗaya ne, hannu biyar ko shida suka rubuta, kuma ba a rasa ci-ma-zaune a cikin ƙungiya. Malamai sukan haɗa makin ƙungiya da jarrabawar baki ta kowane ɗalibi, da rubutun da yake bayyana abin da shi kansa ya koya, da kuma makin da abokan aiki suke ba juna. Tsarin yana cin lokacin malami, yana kuma wuya a ajin da ɗalibai suka kai ɗaruruwa. Akwai masu sukar cewa ɗan aji ɗaya da bai riƙe tushen fanninsa ba zai yi ta lalube ne kawai, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya.

Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce ta mutanen da aka je wurinsu. Zango wata huɗu ne ko biyar, matsalar ruwa ko ta shara kuwa ta shekaru ce. Mazauna unguwa sun ba da lokacinsu, sun amsa tambayoyi, ɗalibai sun karɓi maki sun tafi, rahoto yana ajiye a kan kanta. Wasu jami'o'in sukan magance wannan ta hanyar ƙulla yarjejeniya ta shekaru da hukuma ɗaya ko unguwa ɗaya, ta yadda sabuwar ƙungiya za ta ɗora daga inda ta bara ta tsaya.