Waiwaye: Yadda masana suka koma bin sawun kasuwanci tun kafin a kafa shi

A 1755 aka buga rubutun Richard Cantillon, ɗan asalin Ayaland da ya yi harkar banki a Faris, fiye da shekara 20 bayan rasuwarsa. A ciki ya siffanta ɗan kasuwa da mutumin da ke saye a farashin da ya sani, ya sayar a farashin da bai sani ba. A 1911 Joseph Schumpeter ya ƙara da cewa aikin irin wannan mutum shi ne kawo sabon abu, ko sabuwar hanyar yin tsohon abu, har ya ture waɗanda ya tarar a kasuwa. Maganganu ne masu nauyi, amma duk a zaune aka yi su. Babu wanda ya bi mai fara sana'a ya ga yadda yake wayar gari.

Da masana halayyar ɗan'adam suka shigo, sai tambayar ta koma kan mutumin kansa: wane irin hali gare shi? David McClelland na Jami'ar Harvard ya ce a 1961 ƙishirwar cim ma buri ce ke tura shi. Aka kwashe shekaru ana auna mutane, ana neman ko sun fi saura ƙarfin zuciya da son kasada. Abin da aka samo bai taka kara ya karya ba, kuma a ganina laifin na hanyar binciken ne. Mai bincike zai ɗauki takardar tambayoyi ya shiga ofishin wanda kamfaninsa ya shekara 15, ya ce masa, "Yaya aka yi ka fara?" Shi kuwa sai ya ba da labari tsaf, kamar tun ranar farko ya san inda ya dosa. Abokan tafiyarsa da jarinsu ya karye a wata na takwas ba sa cikin kowane kundin rajista, balle a same su a ji ta bakinsu.

A 1979 David Birch na jami'ar MIT da ke Amurka ya fitar da rahoton da ya ce kamfanoni masu ma'aikata 20 ko ƙasa da haka su suka samar da kusan kashi biyu cikin uku na sabbin guraben aiki a Amurka daga 1969 zuwa 1976. An yi ta ja-in-ja a kan lissafin, har a 2013 John Haltiwanger da abokan aikinsa suka nuna cewa ba ƙanƙantar kamfani ce ke kawo ayyukan ba, ƙuruciyarsa ce. Amma kafin nan gwamnatoci sun riga sun farga, kuɗin bincike ya fara zuwa. A 1988 William Gartner ya fito fili ya ce tambayar "wane ne ɗan kasuwa" ba ita ce tambayar ba, a duba abin da yake yi.

Paul Reynolds ne ya ɗauki wannan da gaske. Daga 1998, a shirin bin sawun masu fara kasuwanci a Amurka da ake kira PSED, wanda Jami'ar Michigan ta riƙa tattara bayanansa, aka yi ta buga waya gidajen jama'a ba zaɓe, ana tambaya: kana ƙoƙarin kafa wani kasuwanci yanzu haka? Sai da aka tuntuɓi mutum kusan 64,000 kafin a tace 830 masu ƙoƙarin farawa. Aka sake wani zagaye a 2005 da mutum 1,214. Daga nan aka riƙa komawa gare su lokaci-lokaci: ka zuba kuɗinka? Ka sayi kayan aiki? An yi cinikin farko?

Nan gani ya kori ji. Babu wani tsari ɗaya da ake bi. Wani yakan yi ciniki kafin ya rubuta ko layi ɗaya na tsarin kasuwanci, wani ya gama rubutu bai sayar da komai ba. Da yawa ba su kaɗai suke ba, kuma cikin masu haɗin gwiwa mata da miji sun fi yawa. Bayan shekaru, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka kai ga kasuwancin da ya tsaya da ƙafafunsa. Wasu sun haƙura. Rukunin da ya fi ba ni mamaki shi ne na waɗanda ba su kafa ba, ba su kuma bari ba: duk zuwan da za a yi, amsarsu ita ce ana nan ana ƙoƙari.

A 1999 Kwalejin Babson da Makarantar Kasuwanci ta Landan suka faɗaɗa dabarar zuwa ƙasashe 10 a shirin auna fara kasuwanci a duniya da ake kira GEM, inda ake ƙirga 'yan shekara 18 zuwa 64 da ke shirin farawa ko waɗanda kasuwancinsu bai wuce wata 42 ba. Da ƙasashe suka ƙaru, sai aka ga sau da yawa masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu arziki yawan masu farawa. Dole aka raba wanda ya hango dama da wanda rashin aiki ya koro, irin kasuwa a kai miki dole.

Batun tunaninsu kuwa, wani bincike na 1988 a kan sabbin 'yan kasuwa kusan 3,000 a Amurka ya gano kashi ɗaya cikin uku na ganin nasararsu tabbas ce, goma bisa goma, alhali kusan rabin sabbin kamfanonin ƙasar ba sa wuce shekara biyar. Saras Sarasvathy kuma ta zaunar da gogaggun 'yan kasuwa 27, ta ba su matsala ɗaya, ta ce su riƙa faɗin abin da ke ransu suna warwarewa. A 2001 ta bayyana cewa ba daga hasashen riba suke farawa ba. Sukan duba abin da ke hannunsu da mutanen da suka sani, sannan su ƙiyasta asarar da za su iya jurewa. Yau ana koyar da wannan a makarantun kasuwanci da dama. Sai dai masu suka sun tuna mata abu guda: su ma 27 ɗin nan, cikin waɗanda suka riga suka haye aka zaɓo su.