Labarin soyayya na mai gashin kek

Labarin soyayya na mai gashin kek wani reshe ne na littattafan soyayya, inda jarumar ke sana'ar fulawa a ƙaramin gari ko unguwar da kowa ya san kowa, labarin kuma yana tafiya ne a kan abu uku, ƙawayenta, wahalar da take sha wajen samun mijin aure, sai sana'ar tata. A Amurka da Ingila ya fi ƙarfi, can ne kamfanoni irin su Mills & Boon da aka kafa a 1908 da Harlequin na Kanada da ya fara a 1949 suka mayar da soyayya haja. Yawanci budurwa ce za ta baro babban birni bayan saurayi ya yaudare ta, ta koma garinsu ta buɗe shagon kek, daga nan sai wanda ta raina tun suna yara ya dawo rayuwarta.

A Kano

Mu nan ba shigo mana da soyayyar takarda aka yi ba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito tun 1980, daga tsakiyar shekarun 1980 kuma aka samu abin da masu suka suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, marubuci ya buga da kuɗinsa ya kai kasuwar Sabon Gari, mata su saya ko su yi haya a shagon unguwa, littafi ɗaya sai ya zaga gida biyar kafin bangonsa ya cire. An sha rigima kam, a 2007 har ƙona littattafan aka yi zamanin shirin gwamnatin Kano na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Yanzu dai harkar ta koma waya, Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp, a ba ka shafukan farko kyauta in labari ya ɗau zafi a ce sai ka biya.

Abin da Bature ke kira ƙaramin gari, a wajenmu unguwa ce. Lungun cikin Badala ya ishi marubuciya, don in saurayi ya faka mota ƙofar gidanku bayan isha'i kafin asuba maƙwabta sun san kalar motar da ɗan gidan waye.

Sana'ar

Nan ne ake gane marubuciyar da ta taɓa shiga kicin da wadda ji kawai take. Jarumar ba ta da shago mai gilashi, a tsakar gida take aiki, ta sayo fulawa da sukari da bota a kasuwar Singa, ta kwaɓa, tana sawa a obin sai NEPA su ɗauke wuta, gas ya yi tsada, sai a koma dabarar iyaye wato a zuba yashi ko tsakuwa a gindin tukunya a ɗora kan gawayi a jera gwangwanaye a rufe, kuma wallahi in hannu ya faɗa ba ka bambance shi da na obin. Oda tana zuwa ne ta status, kek ɗin bazday, cincin da donot na sallah, sai babbar harka wato gara, alkaki da dubulan da nakiya da ake kai wa gidan amarya. Abin tausayin da marubuta ke so kenan, yarinya ta kwana tana tuyar garar wasu ita ko tambaya ba a kawo gidansu ba, gwaggo na ta gori wai ƙannenta duk sun shige.

Zance da ƙawaye

Samarin kusan kala ɗaya ne, ɗan ƙarya mai aron mota, mai mata da ya ɓoye, sai wanda ya shekara uku yana zuwa zance da an ce ya turo ya ɓace. Akwai kuma matsalar jini, AS da AS masu iya haifar ɗa mai sikila, wadda ta ƙara fitowa fili tunda Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Ƙawaye kuwa biyu ne ko uku, mai ba da shawarar arziki da mai zuga, wani lokacin ta ukun ita ke ƙwace saurayin, wannan kam an maimaita shi har ya gundura. Mijin da ake ƙarewa da shi sau da yawa kwastoma ne, ya zo karɓar kek ɗin ƙanwarsa ya tsaya ƙorafin sukari ya yi yawa, washegari ya sake yin oda.