Hadi na waje ya fara ƙas-ƙas, ya za a ceto kayan ciki?

Masu haɗa bidiyon biki da masu tura fina-finai da ɗaliban da suka zuba furojet ɗinsu a hadin da ake jonawa da kebul, tambayoyinsu kusan ɗaya ne ranar da abin ya fara ciwo.

Na jona, kwamfuta ba ta gan shi ba. Ya mutu kenan?

Ba lallai ba. Fara da kebul, don shi ya fi saurin lalacewa, musamman in kana naɗe shi a jikin hadin ka cusa a jaka. Canja kebul, canja rami, in destof ce ka jona a ramin baya, kar ka bi ta abin nan mai raba rami huɗu don wuta ba ta isarsa. Sai ka kara kunne, in yana juyawa sumul to da sauran fata.

Nawa yana ƙas, ƙas, ƙas.

Cire shi yanzun nan. A ciki akwai faifai da ke juyawa sau 5400 a minti ɗaya a yawancin ƙananan nan, da wata allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi, tazararsu ko kusa da kaurin gashi ba ta kai ba. Ƙarar nan galibi allurar ce ta je karatu ta kasa ta dawo ta sake komawa, in kuwa ta sauka kan faifan karce shi take, kuma inda ta karce babu injiniyan da zai dawo maka da shi. Jona-cire jona-ciren nan da ake yi wai ko Allah zai sa ya tashi, shi ke ƙarasa shi wallahi.

Windows ta ce sai na yi fomat kafin ya buɗe.

Kar ka danna. Kuma in wani ya ce ka sa masa chkdsk, manhajar Windows ta duba hadi da gyara shi, ka ce a'a tukuna, don gyara yake yi ta hanyar rubutu a kan hadin da dama numfashi ɗai-ɗai yake.

Yana buɗewa amma yana jan ƙafa, kwafi ya kai rabi ya tsaya. Me zan yi?

Nan ne akwai aiki. Sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar hadi, kyauta ce, in ta nuna maka rawaya ko ja to guraben ajiya sun fara mutuwa. Kar ka zaɓi komai da komai ka ce kwafi, fara da abin da ba za ka samu a ko'ina ba, takardu da aikin mutane, fina-finai su jira.

Abin da ya fi shi ne a kwafe hadin gaba ɗayansa zuwa wani lafiyayye mai girmansa ko wanda ya fi shi, da wata manhajar kwafi mai suna ddrescue a kan Linux, wato wani tsarin kwamfuta ne kamar Windows. Ita wayonta, tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu matsala sai daga baya ta dawo musu, kuma tana rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, ko an ɗauke wuta tsakar dare daga nan za ta ci gaba, mu a Kano kuwa mun san amfanin wannan. Aikin kan iya cin kwana, a yi shi a laftof mai batir, a kunna masa fanka in lokacin zafi ne, kar a motsa shi. Amma a lura sosai wane ne tushe wane ne mazubi, in aka juya su an shafe komai.

In an gama sai a ajiye mara lafiyan, a yi bincike a kan kwafin da manhajar ceto fayiloli, TestDisk ko PhotoRec. PhotoRec tana tsamo hotuna da bidiyo sosai, sai dai ba suna ba folda, lambobi kawai za ka tarar, ka zauna tantancewa. Abin da ka ceto kuma kar ka zuba shi a hadin da kake ceto daga ciki.

An ce a sa shi a firiza.

Raɓa zai yi a ciki in ya fito. Bar maganar nan. Haka buɗe cikinsa a teburin shago, ƙura ɗaya ta isa ta yi ɓarna, balle da hunturu.

In kai shi wajen masu gyara a Farm Centre ko Beirut Road a Kano?

In matsalar kebul ce ko bakin USB ko kwafewa, za ka samu mai yi. Ka dai tambaye shi, Malam, za ka fara kwafe shi gaba ɗaya kafin komai? In ka ji ya ce bari mu yi fomat mu gani, ko ya ɗauko sukundireba zai buɗe murfin faifan, karɓi kayanka. Wasu hadin, irin WD My Passport, bakin USB ɗinsu manne yake da allon, ba a zare su daga kwansonsu a jona da kwamfuta kai tsaye kamar sauran. Canja allura kuwa sai ɗakin da aka tace iskarsa da wani hadin irinsa sak da za a ciro kayan gyara, kuɗinsa kan fi na sabon hadi nesa. In akwai hotunan iyali a ciki, ka kai wa wanda ka yarda da shi, ka je da naka mazubin.