Gidan zamanin Biktoriya ba gidan sarauniya ba ne

Wallahi abin na damuna, da an ga hoton tsohon gida an ce na zamanin Biktoriya sai mutane su ɗauka Sarauniyar Ingila Biktoriya ce ta gina shi ko ta taɓa kwana ciki. A'a fa, sunan na nufin an gina shi lokacin mulkinta ne, 1837 zuwa 1901. Ku dubi gidan Carson da ke Eureka, wani ɗan gari a Kalifoniya, attajirin katako William Carson ne ya fara gina shi a 1884, dukkansa da katako, ga hasumiya ga baranda ga sassaƙa ko'ina har ido ya gaji. Ita kuwa sarauniyar ko ƙasar Amurka ba ta taɓa takawa ba.